Labarin Malamar da Ta Kusa Rasa Babban Hanjinta

Mai wannan labari malamar firamare ce a wani gari na ƙasar Katsina, uwar 'ya'ya uku. Ita ta nemi a rubuta shi, da sharaɗin a sakaya sunanta da na wuraren da ta yi jinya, domin masu irin ciwonta da masu jinyarsu su amfana. Za mu kira ta Malama, kamar yadda kowa yake kiranta a ɗakin marasa lafiya.

Tana da shekara 27, bayan yayen ɗanta na biyu, ta fara ganin jini da majina a bayan gida. A gida aka ce basir ne, ta sha saiwoyi da jiƙe-jiƙe har ta gaji. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mai kemis ya ce atini ne, ya haɗa mata Flagyl da jan kafso. Ta ɗan samu sauƙi, ciwon ya dawo. A asibiti aka ɗebi jininta aka yi gwajin Widal, aka ce taifod, aka ɗora ta kan sifurofuloksasin. Haka ta yi ta zagaye kusan shekara biyu, daga wannan antibayotik zuwa wancan, tana ramewa, tana fita aji sau uku ko huɗu kafin a tashi tara, kullum alwalarta a karye.

Tun a nan akwai abin da ya kamata a lura da shi. Atinin da bakteriya ke kawowa, irin su Shigela da Salmonela da Kamfilobakta, yakan shigo da ƙarfi ya fita cikin mako ɗaya zuwa biyu. Zawo da jini da ya haura wata guda, ko mai tafiya yana dawowa, mai tayar da mutum tsakar dare, mai sa shi jin matsuwa ya ruga banɗaki ya yi ta nishi ba abin da ke fita sai majina, wannan ya wuce a ci gaba da kiransa atini ba tare da an leƙa hanji ba. Gwajin Widal kuwa, a ƙasar da taifod ta zama ruwan dare, yakan nuna alama a jinin mutanen da lafiyarsu ƙalau. Ba a tabbatar da taifod da shi kaɗai, sai an shuka jini a ɗakin gwaji an ga ƙwayar ta tsiro.

Wani likita ne a ƙarshe ya tura ta babban asibiti, aka yi mata kolonoskofi, wato aka zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura. Fatar cikin hanjin ta yi jawur tun daga dubura har zuwa lanƙwasar da ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, babu wurin da kumburin ya tsallake, da an ɗan taɓa sai jini, ga ƙananan gyambuna birjik. Aka tsinko 'yar tsoka aka kai gwaji. Sakamakon ya nuna kolaitis mai gyambo, ɗaya daga cikin cututtuka biyu na kumburin hanji mai daɗewa. Ɗayar ita ce cutar Crohn, wadda za ta iya kama ko'ina daga baki har dubura. Likita Samuel Wilks ya bayyana ta farkon a Landan a 1859, Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana ta biyun a Niyok a 1932. A dukansu garkuwar jiki ce take faɗa da fatar hanjin mai ita. Ba a ɗaukar ciwon a jikin wani, kuma magani ba ya tumɓuke shi, sai dai ya kwantar da shi, wani lokaci shekara da shekaru.

Kafin a ba ta ko ƙwaya ɗaya ta siteroid, an duba bayan gidanta don neman amiba da tsutsar ciki da ƙwan tsargiyar hanji, an ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka. A yankinmu wannan ba a tsallake shi. Siteroid yana danne garkuwar jiki, idan aka ba mai amiba bisa kuskure, hanjinsa zai iya ruɓewa ya ɓule. Tarin fuka na hanji kuma yana kama da cutar Crohn sosai. Da aka ga babu ko ɗaya, sai aka ɗora ta kan firedinisolon, wani nau'in siteroid, miligiram 40 a rana, ana rage 5 duk mako har mako takwas, tare da mesalazin, maganin kwantar da kumburin hanji, giram 2.4 na sha da giram 1 na matsawa ta dubura da daddare. Jini ya tsaya, ta murmure, ta koma aji.

Karonta na farko da ƙwayar cuta a kan wannan hanji ya zo ne bayan wani biki. Kwana biyu da cin abincin taro, ita da ƙanwarta da wata maƙwabciya suka kwanta da zazzaɓi da murɗar ciki da zawo. Kasancewar su uku ne suka kamu lokaci ɗaya babbar alama ce, domin tashin kolaitis ba ya kama mutum uku a gida guda. Ta kai bayan gida gwaji kafin ta sha komai, aka shuka, Shigela ta tsiro, aka ba ta azitiromaisin miligiram 500 sau ɗaya a rana na kwana uku. Ƙanwarta da maƙwabciyar suka miƙe cikin mako guda. Ita kuwa zazzaɓi ya tafi, jini ya ƙi tsayawa, sai da aka ɗaga mesalazin zuwa giram 4.8 aka dawo da na matsawa, aka yi kusan wata ɗaya da rabi kafin hanjin ya lafa.

Dalilin bambancin yana jikin hanjin ne. Lafiyayyen babban hanji yana da shimfiɗar majina mai kauri da ke raba fatarsa da biliyoyin ƙwayoyin da ke zaune a ciki. A mai kolaitis wannan shimfiɗa ta yi siririya, fatar tana yoyo, nau'o'in bakteriya masu amfani sun ragu. Ƙwayar cuta takan isa tsoka da sauri, garkuwar jiki ta tashi faɗa, kuma ko bayan an kashe ƙwayar ba ta komawa ta kwanta. Shi ya sa atinin mako guda a wurin kowa yake zama jinyar watanni a wurinsu.

Malama ta sha tambaya ko wani atini da ta taɓa yi ne ya jawo mata ciwon tun asali. Masu bincike ma sun bi wannan tambaya. A Denmak, wani nazari na 2009 ya ga cewa waɗanda suka taɓa kamuwa da Salmonela ko Kamfilobakta sun fi yawan fitowa da kumburin hanji daga baya. Wani nazarin mafi girma a ƙasar, na 2011, ya gano cewa hatta waɗanda aka gwada bayan gidansu ba a samu komai ba sun fi yawan fitowa da shi. Abin da hakan ke nunawa shi ne, sau da yawa kumburin ya riga ya fara, shi ne ma ya kai mutum gwajin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ɓarnar da ƙwayar cuta ke yi wa wanda ya riga yake da ciwon, kuma a nan ne labarin Malama ya yi tsanani.

Da ta samu ciki na uku, ta ajiye mesalazin don tsoron kada ya taɓa yaron. Wannan tsoro yana da yawa a wurin mata, kuma abin tausayi ne, domin mesalazin yana cikin magungunan da ake ci gaba da sha da ciki da shayarwa, tashin ciwon ya fi shi haɗari ga uwa da ɗa. Haihuwar ta zo da tiyata. An yi mata allurar antibayotik ta seftirayakzon, da ɗinkin ya ɗan yi ruwa aka ƙara mata Augmentin, tana kuma shan omifirazol saboda ƙwannafi, da dikulofenak saboda ciwon ɗinki. Mako uku da haihuwa zawo ya ɓalle, ruwa tsululu mai wari, sau takwas zuwa goma a rana, daga baya jini ya biyo. Ta ɗauka tsohon ciwonta ne ya motsa. Akwai ragowar firedinisolon a gida, ta fara shan miligiram 40, ta haɗa da Imodium, maganin tsayar da zawo, don ta samu zama da 'yan barka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ciki ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. A wani ƙaramin asibiti aka gwada bayan gida aka ce babu komai, aka sake cewa taifod, aka ɗaura mata seftirayakzon da sifurofuloksasin a ruwa.

Abin da ke cinta wata ƙwaya ce mai suna Clostridioides difficile, likitoci suna taƙaita ta da C. diff. Hall da O'Toole ne suka fara gano ta a 1935 a kashin jarirai lafiyayyu, sai a 1978 aka tabbatar ita ce ke haddasa mugun kumburin hanjin da ke biyo bayan shan antibayotik. Tana shiga ta baki a matsayin iri mai taurin ɓawo, wanda zafi da bushewa ba sa kashe shi, yana iya yin watanni a jikin ƙofar banɗaki, bakin buta, ƙarfen gado. A hanjin da bakteriya masu amfani suka cika ba ta samun wurin zama. Idan antibayotik ya share su, sai ya zama kamar fegin da aka nome ƙal aka bari babu shuka, ciyawa ce za ta riga kowa fitowa. Daga nan ta hayayyafa ta saki guba iri biyu, A da B, masu kashe fatar hanji. Magungunan da suka fi buɗe mata hanya su ne kilindamaisin, dangin sifurofuloksasin, dangin seftirayakzon, da amoksisilin da Augmentin. Masu rage tsamin ciki irin omifirazol suna ƙara haɗarin, haka siteroid. Malama ta haɗa kusan duka.

Ga masu kumburin hanji akwai ƙarin damuwa. A wurin sauran mutane C. diff ta fi kama tsofaffi da ke kwance a asibiti bayan antibayotik. Masu kolaitis kuwa tana kama su suna matasa, a gida, wani lokaci ko antibayotik ba su sha ba, domin ciwon da kansa ya riga ya rage masu gadin hanjin. Alamominta da na tashin ciwon iri ɗaya ne: zawo, jini, murɗa, zazzaɓi. Gwajin kalfurotektin na bayan gida da gwajin CRP na jini, masu auna kumburi, suna hawa a duka biyun, ba sa rarrabewa. Amma maganin ya saɓa. Tashin ciwo yana son a danne garkuwa, ƙwayar cuta kuma idan aka danne garkuwa ba tare da maganinta ba, ƙara mata ƙarfi aka yi. Wani bincike na 2008 a kan bayanan asibitocin Amurka ya nuna cewa masu kumburin hanji da aka kwantar tare da C. diff sun ninka waɗanda aka kwantar da kumburin kaɗai kusan sau huɗu wajen mace-mace. Sun kuma fi daɗewa a gado.

Da aka iso da ita babban asibiti, tana fita fiye da sau goma da jini, bugun zuciya ya haura 110, jininta ya yi ƙasa, leɓɓa sun bushe. Akwai ma'aunin da likitoci Truelove da Witts suka kafa a Oksfod ta Ingila a 1955 wanda har yau ake aiki da shi: bayan gida da jini sau 6 ko fiye a rana, tare da ɗaya daga cikin bugun zuciya sama da 90, zafin jiki sama da 37.8, himogulobin (ma'aunin yawan jini) ƙasa da 10.5, ko ESR (gwajin jini mai nuna kumburi) sama da 30. Duk wanda ya cika wannan, kwanciya asibiti ta zama dole a ranar. Malama ta cika har ta wuce.

Maigidanta ya miƙa takardar gwajin baya ya ce, "Likita, ai an riga an gwada bayan gidan, sun ce babu komai."

Likitan ya ce, "Malam, wancan gwajin ba ya ganin ƙwayar da muke zargi. Sai an nemi gwajinta da sunanta."

Wannan shi ne ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Gwajin bayan gida na yau da kullum yana duba tsutsa da amiba a madubi, ya shuka don neman Salmonela da Shigela. C. diff ba ta tsirowa inda iska take, don haka ba za ta fito a can ba. Nata gwajin daban ne: ana neman wani sinadarinta mai suna GDH, sannan a nemi gubar A da B, ko a yi PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittarta. PCR kaɗai yana iya nuna ƙwayar a jikin wanda yake ɗauke da ita kawai ba ta cutar da shi, shi ya sa ganin gubar ya fi tabbatarwa. Kuma gubar tana lalacewa a zafin ɗaki. Idan ba za a gwada cikin awa biyu ba, sai a ajiye a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ana ɗiban mai ruwa ne, kamar cokalin shayi ɗaya zuwa biyu, a cikin robar gwaji mai murfi, kada fitsari ko ruwan buta ya haɗu da shi. Nata sai da aka saka a kula da ƙanƙara aka aika wani ɗakin gwaji a birni. Wanda ya yini a aljihun mota cikin rana zai iya dawowa da sakamakon babu komai alhali akwai.

Ba a jira sakamako ba, domin yanayinta ba na jira ba ne. An cire seftirayakzon da sifurofuloksasin nan take. An hana Imodium, domin tsayar da motsin hanji yana tara guba a ciki ya sa hanjin ya buɗe kamar balan-balan. An hana dikulofenak da danginsa, su ibufurofen, don suna tayar da kolaitis, aka bar ta da farasitamol. An dakatar da omifirazol. An ɗaura ruwa da ƙarin fotasiyam, saboda zawo yana zubar da shi, ƙarancinsa kuma yana kashe motsin hanji. An ɗauki hoton ciki don auna faɗin babban hanji: idan ya wuce santimita 5.5 zuwa 6 a jikin mai zazzaɓi da saurin bugun zuciya, wannan shi ne hanjin da ke gab da fashewa, magana ta koma hannun likitan tiyata. Nata ya fara buɗewa amma bai kai ba. An sanar da likitan tiyata tun ranar farko, haka ya kamata, ba sai abu ya ɓaci ba.

Sai aka fara bankomaisin na sha, miligiram 125 sau huɗu a rana, na kwana goma. Kafsonsa yana wuyar samu, don haka da kwalbar allura aka yi amfani: hoda miligiram 500 a narka da ruwan allura mililita 10, a zuƙi mililita 2.5 a ba ta ta sha duk awa shida, ragowar a firji. Kwalba ɗaya ta yini ɗaya ke nan. Yana da ɗaci, ana iya bin sa da ruwa.

Mahaifiyarta, wadda ke riƙe da jaririn a bakin gado, ta dubi nas ta ce, "'Yar nan, allura ce fa, yaya za a ba ta ta baki?"

Nas ta ce, "Inna, ciwon a cikin hanji yake. In aka yi ta jijiya ba ya kaiwa can. In ta sha kuwa, kai tsaye yake sauka inda ƙwayar take."

Gaskiya ta faɗa. Bankomaisin na jijiya ba ya shiga ramin hanji, ba ya amfanar mai C. diff. Na sha kuma kusan ba ya shiga jini, shi ya sa aka bar Malama ta ci gaba da shayarwa da ta samu ƙarfi. Flagyl, wanda aka fi sani kuma ya fi araha, ya yi rauni ga mai kumburin hanji, ba shi ne zaɓin farko ba. Ana ƙara shi ta jijiya, miligiram 500 duk awa takwas, a kan bankomaisin 500 sau huɗu, idan ciwon ya kai ga faɗuwar bugun jini ko tsayawar hanji. Akwai kuma fidaksomaisin, miligiram 200 sau biyu a rana na kwana goma, wanda ya fi rage dawowar ciwon, amma tsadarsa da wuyar samunsa sun hana yawancin mutane.

Batun siteroid shi ne ya fi buƙatar hankali. Ta riga ta ɗan jima tana sha, ba a yanke shi kwatsam, domin jiki ya rage ƙera nasa. Ga kuma kolaitis ɗin da kansa ya tashi bayan watanni babu mesalazin. Sai aka mayar da shi na jijiya, haidurokotizon miligiram 100 sau huɗu a rana, amma yanzu a ƙarƙashin kariyar bankomaisin, bayan an sake duba amiba. Wani abin da ya ba dangi mamaki shi ne allurar hefarin ta hana daskarewar jini ga mace mai zubar da jini. Kumburin hanji mai tsanani yana sa jini daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, ga jego da tiyata da kwanciya sun ƙara haɗarin, kuma wannan ƙaramin adadi ba ya ƙara zubar jinin hanji yadda ake tsoro. An leƙa ƙasan hanjin kaɗai da gajeriyar na'ura, ba tare da maganin wankin ciki ba, da iska kaɗan, don cikakken kolonoskofi a irin wannan hali yana iya ɓula hanji. An tsinko tsoka don neman bairos ɗin CMV, wanda shi ma yakan ɓuya a hanjin da siteroid ya danne. Ba a ga farin ɓawon nan da C. diff ta saba shimfiɗawa ba, kuma hakan bai ruɗi kowa ba, domin a masu kolaitis yawanci ba ya fitowa. Sakamakon birni ya dawo, akwai guba.

Rana ta uku ita ce ranar hukunci a wannan jinya. Bisa wani ma'aunin Oksfod na 1996, wanda ke fita fiye da sau 8, ko sau 3 zuwa 8 da CRP sama da 45, siteroid ya gaza a kansa, kuma a wancan nazari kimanin kashi 85 cikin 100 na irinsu sai da aka cire musu babban hanji. Irin waɗannan ake ba infiliksimab ko saikulosforin, magunguna masu ƙarfi na danne garkuwa, in ya ƙi a yi tiyata a fito da bakin hanji ta ciki a maƙala jaka. Shi ya sa aka ajiye takarda a gefen gadonta, duk fita a rubuta lokaci, yawa, da jini ko babu. Mahaifiyarta ba ta boko, sai take jan layi ɗaya duk fita, in da jini ta kewaye shi. A rana ta uku layukan sun sauko shida, CRP ya karyo, ciki ya saki. Alhamdu lillahi, ba a kai ga tiyata ba.

Ba a maimaita gwajin C. diff don a ga ko ta warke, domin alamarta tana daɗewa a bayan gida bayan an samu lafiya. Tsayawar zawo ake dubawa.

Mako uku da gama magani zawo ya dawo. Wannan ba baƙon abu ba ne: kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan sake kamuwa, masu kumburin hanji kuma sun fi haka, saboda bankomaisin yana kashe ƙwayar amma ba ya kashe irinta mai ɓawo. A wannan karo Malama ba ta taɓa firedinisolon ba, ba ta taɓa Imodium ba. Ta kai gwaji a ranar, aka ga guba, aka yi mata doguwar hanya: 125 sau huɗu a rana na mako biyu, sau biyu a rana na mako ɗaya, sau ɗaya a rana na mako ɗaya, sannan sau ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku na wasu makonni. Hikimar tazarar ita ce a bar irin ya ƙyanƙyashe a ranar da babu magani, kashegari a same shi. Ba ta kwanta asibiti ba. Ga wanda ciwon ya yi ta dawo masa akwai dashen ƙwayoyin hanji daga bayan gidan lafiyayyen mutum da aka tantance, wanda wani gwaji a Holan ya nuna amfaninsa a 2013. Aikin asibiti ne zalla, yin sa a gida ganganci ne mai iya sa wa mutum wata cutar.

A gida kuwa sai da aka sauya wasu abubuwa. Man goge hannu mai sifirit ba ya kashe irin C. diff, sai dai a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudana, a cuɗa sosai har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. An ware mata buta. Banɗaki da mariƙin ƙofa da bakin famfo ana goge su da bilic: idan kwalbar ta ce kashi 3.5 cikin 100, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa, a haɗa sabo kullum, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Ruwan sha ana tafasawa, ana ɗiba da moɗa ɗaya mai hannu. Nonon da ba a dafa ba ta bar shi, kaza da tsire sai sun dahu har ciki suna tururi, salak da kwaɗon taro ta haƙura da su. Idan zawo ya fara, kafin komai ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya na tafasasshen ruwa, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi.

Saboda wannan tashi mai tsanani aka ƙara mata azatiyofirin a kan mesalazin, gwargwadon nauyinta, miligiram 2 zuwa 2.5 ga kowane kilo, bayan an sake duba tarin fuka da ciwon hanta na B da ƙanjamau, ana kuma gwada jini da hanta a kai a kai. Wannan ya sa garkuwarta ta ɗan yi ƙasa, don haka zazzaɓi da zawo a wurinta ba abin sa ido a gida ba ne.

Yanzu tana yawo da kati a jakarta da likitanta ya rubuta: tana da kolaitis mai gyambo, ta taɓa yin C. diff sau biyu, kada a ba ta antibayotik sai da hujjar gwaji kuma a zaɓi mafi ƙanƙantar ɓarna na gajeren lokaci, kada a ba ta Imodium ko dikulofenak, duk zawon da ya kai sau uku a rana a gwada bayan gida har da C. diff kafin a ƙara siteroid. Da ciwon haƙori ya kai ta wani asibiti aka rubuta mata kilindamaisin, katin ta miƙa, aka cire haƙorin aka sallame ta da farasitamol. Ta koma aiki, jininta ya cika, babban hanjinta yana nan. An sa mata ranar kolonoskofi idan ciwon ya cika shekara takwas da farawa, domin daga lokacin ake fara sa ido kan sankarar hanji, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ta fara ganin jini, har da shekara biyun nan da ake ce mata basir da taifod.